Neman kalmar Hausa: me za mu kira ruwan da ake zuba wa cikin tsohon tankin mai?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum. Ina rubuta bayani da Hausa a kan yadda ake wanke tankin man tsohuwar mota a mayar da shi aiki, kuma kalma ɗaya ta gagare ni, wato abin da ake rubutawa a jikin gwangwaninsa da Turanci "tank sealer". Bari in fara bayyana shi, domin masu ba da shawara su san abin da za su raɗa wa suna.

Tankunan tsofaffin motoci na ƙarfe ne, kuma da yawansu tun daga masana'anta an lulluɓe ƙarfen da dalma wadda aka gauraya da kuza kaɗan don kada ya yi tsatsa, saɓanin yawancin ƙananan motocin yanzu da tankinsu na roba ne mai kauri. Idan mota ta daɗe a ajiye da rabin tanki, laimar da ke cikin iskar da ta cike sauran wurin takan zama raɓa a jikin ƙarfen idan gari ya yi sanyi, ta gangara ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, domin lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta fetur kuwa kusan giram 750, saboda haka ruwan yakan kwanta a gindin tanki ya riƙa cin ƙarfen daga ciki ba tare da kowa ya gani ba. Fetur ɗin da aka gauraya da itanol, wato sinadarin barasa, kashi 10 cikin 100 ya fi fetur zalla jawo ruwa. Shi ma fetur ɗin yakan tsufa, ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti. Bayan an wanke duk wannan an busar da tankin, sai a zuba masa wani ruwa mai ɗan kauri, a riƙa juya tankin har ruwan ya taɓa kowane lungu, a tsiyaye ragowar, a bar shi kwanaki ya bushe ya zama wata fata siririya da fetur ba ya narkar da ita. Ruwan iri-iri ne, kowanne da sunan da ake sayar da shi: na Caswell ifoksi ne, wato wani irin gam mai ƙarfi, mai kashi biyu da ake haɗawa kafin a zuba, na POR-15 laimar iska ce ke sa shi ya yi tauri, Red-Kote kuwa yana bushewa ne idan sinadarin da ya tsinka shi ya tashi. Ina neman sunan ruwan, da sunan aikin, da sunan fatar da ke saura bayan ya bushe.

Wani makaniki:

Wa alaikumus salam, Malam. Mu a wurin aiki "sila" muke cewa, kuma duk yaron da aka aika ya san abin da zai ɗauko. Ban ga laifin aro ba, tun da kafireta da filta da walda duk aro ne, sun zauna daram, babu mai neman canza su. Idan lalle sai an kawo kalmar gida, to a ce "maganin liƙin tanki", domin yawancin masu kawo mana tanki yoyo ne ke kawo su.

Amma ina roƙon ka, duk sunan da kuka tsayar, ka sa gargaɗin wuta a farkon bayaninka. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kamawa, kuma idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa tankin. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma yana maƙalewa a haɗin ƙarfe ko bayan an ɗauraye tankin. Kada wanda ya kusanci tanki da wutar walda ko injin gurza don kawai ya ji babu motsin mai a ciki.

Wani malamin Hausa:

Oga, maganarka a kan aro gaskiya ce, kuma ni ma ba na cikin masu son a kori kowace baƙuwar kalma. Matsalar "sila" ita ce ta tarar da mai gida a wurin. Muna da sila mai nufin dalili, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali da za su raba su. Wanda ya rubuta cewa sila ce silar toshewar filta ya faɗi gaskiya, amma mai karatu sai ya koma baya sau biyu kafin ya gane. A baka, a gaban tanki, babu ruɗani. A rubuce akwai shi, kuma Malam rubutu yake yi.

"Liƙi" kuma yana kai tunanin mutum ga rami ɗaya da aka nemo aka manna masa wani abu daga waje, alhali wannan ruwan ana so ya game cikin tankin gaba ɗaya, inda ya huje da inda bai huje ba. "Yaɓe" ya yi kauri, yana nuna abin da aka ɗebo da hannu aka maka, kuma kauri shi ne abin da ake gudu a nan. "Fenti" a bar wa bayan tanki, domin idan aka kira na ciki fenti, wata rana wani zai zuba fentin mota a ciki, fetur ya narkar da shi. Na yi tunanin "shafi", irin shafin da ake yi wa riga daga ciki, kuma ma'anarsa ta dace ƙwarai, sai dai yau shafin littafi da shafin intanet sun mamaye kalmar.

Shawarata ita ce "dalaye". Idan aka ce an dalaye akwati da zinariya, ana nufin an lulluɓe fuskarsa duka da wani abu siriri mai santsi wanda ya manne da shi har suka zama kamar abu ɗaya. Abubuwa uku ke cikin kalmar: gamewa, da rashin kauri, da mannewa. Su ne kuma ake nema a cikin tanki.

Wata mai tsohuwar mota:

Malamai, ina goyon bayan a guji "liƙi", kuma dalilina abin da ya same ni ne. An taɓa zuba wa tankin motata wannan ruwa a matsayin maganin yoyo, bayan an ɗauraye shi da fetur kawai. Yoyon ya tsaya, amma bayan 'yan watanni mota ta fara shaƙewa a kan hanya, da aka buɗe filta sai ga ɓawo yana fitowa kamar saɓar maciji. Ruwan ya kama tsatsa da danƙo ne maimakon ƙarfe, da suka saki sai ya biyo su. Cire wanda ya ɓare ya fi aikin farko wahala nesa ba kusa ba.

A karo na biyu na tsaya na ga yadda ya kamata a yi. An sauke tankin, an cire ma'aunin mai da ke da abin lilo a ciki, an toshe ƙofofin. An fara da ruwan zafi da sabulun cire maiƙo, an maimaita har ruwan ya fito garau, domin asid ba ya ratsa danƙo ya kai ga tsatsa. Sannan aka jefa guntun sarƙa a ciki aka yi ta girgizawa don ɓamɓaro tsatsar da ta yi ɓawo. An zaɓi sarƙa ne saboda ana jawo ta gaba ɗaya, su kuwa notuna sukan maƙale a bayan shingayen da ke cikin tanki masu hana mai tambal-tambal. Bayan haka aka zuba asid na fosforik, wanda ke cin tsatsa ya bar wa ƙarfen wata fuska mai launin toka, mai ɗan kaushi, wadda ruwan ke kamawa da kyau. Akwai masu amfani da asid na haidirokulorik saboda saurinsa, amma yana cin ƙarfen da ya riga ya sirance, kuma idan ba a kashe kaifinsa da soda an busar nan take ba, sabuwar tsatsa takan bayyana tun kafin a gama tattara kayan aiki. Busarwar ta fi komai cin lokaci, an yi ta hura iska mai ɗumi har haɗin ƙarfen ya bushe ƙayau. Da aka zuba ruwan aka tsiyaye ragowarsa, an hura iska ta bututun da ke ɗaukar mai da bututun numfashin tanki, don kada ya daskare a cikinsu ya toshe su. Kalmar da za ta sa mutum ya ji cewa sai fuskar ƙarfe ta yi tsaf kafin a zuba, ita nake so.

Makanikin ya dawo:

Hajiya ta faɗi abin da muke gani. Zan ƙara da cewa ruwan yana rufe ƙananan huji irin na bakin allura ne kawai. Rami babba sai an yi masa faci da dalma ko walda tukuna, bayan an tabbatar babu sauran tururi. A nan "liƙi" ya faɗi, na janye shi. Abin da ya rage mini shi ne, Malam, "dalaye" aikatau ne, to yaya zan ce wa yaro ya miƙo mini gwangwanin?

Malamin Hausa:

Harshen ya riga ya share mana wannan hanya, Oga. Muna cewa ya yaɓe bango, kuma yaɓen ya zube. Ya shafe ɗaki, kuma shafen ya tsage. Ya daɓe ƙasa, kuma daɓen ya yi kyau. Kalma ɗaya ce ke aiki a matsayin aikatau da suna. A kan wannan tsari za ka ce wa yaronka ya miƙo ruwan dalaye, kamar yadda kake cewa ruwan batir.

Mai buɗe zance:

Na gode muku duka. Na gwada kalmar a cikin jimlolin da suka gagare ni, kuma ta shiga ba tare da an tura ta ba. Abin da ke cikin gwangwani zan kira shi ruwan dalaye, aikin kuwa dalaye tanki, fatar da ke saura bayan ya bushe ita ce dalayen ciki. Bayan tankin, wanda ake gogewa da burushin waya a sa masa fentin share fage sannan a bi da na sama, zai ci gaba da zama fenti. A wurin farko da kalmar ta fito zan ambata cewa makanikai suna ce masa sila, don mai karatu ya san abin da zai tambaya, daga nan ba zan sake amfani da ita ba. Gargaɗin wuta ya koma sakin layi na farko kamar yadda Oga ya nema. Jimlar da ta tsayar da ni tun farko yanzu ta zama haka: kada a dalaye tanki sai danƙo da tsatsa sun fita kuma cikinsa ya bushe sarai, sannan kada a zuba masa fetur sai dalayen ya cika kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwanin.