Wardi da Danginsa: Musayar Waƙa kan Sunaye

Auta:

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Iyayena, ga tambaya a rubuce:
Sunayen da suka fito daga wardi,
Da na ruwan hoda, ku warware da faɗi.
Warda da Gul da Roda da Roza,
Tushe ɗaya ne, ko kunne ne ya gaza?
Rozamund kuma, an ce furen duniya,
Shin fassarar nan tana kan gaskiya?
In za a zaɓa wa jaririya suna,
Ta yaya ake gane asali da ma'ana?

Mai Ƙamus:

Ƙanwata, mu soma da harshen Larabawa,
Harafi uku ne ginshiƙin ginawa.
Wau da ra da dal ki sa su a jere,
Wardu ke nan, jinsin furen a tare.
In kin ƙara ta kuri a ƙarshe,
Warda ta fito, fure ɗaya a reshe.
Jam'in Wurud, shi ma sunan mata ne,
Wardiyyu kuwa ruwan hoda, launi ne.
Suratur Rahman, duba aya ta 37,
Sama za ta tsage, ta zama wardatan kamar mai.
Amma ki kula da wasalin farko,
Wasali bisa ne, shi za ki riƙo.
In kin sa na ƙasa, wirdi ya zama,
Wuridi ke nan, zikirin safe da yamma.
Rubutu ɗaya ne in babu wasali,
Nan masu kwafa suke ɓata asali.
Maza ma ba a bar su a baya ba,
Wardu laƙabin zaki ne, ba fure kaɗai ba,
Da doki mai ja da ɗan rawaya,
Ga Urwatu ɗan Wardi, sha'irin Jahiliyya.
Mawardi, babban alƙali a Bagadaza,
A 1058 aka yi masa jana'iza,
Ma'ul wardi, ruwan wardi, sana'ar gidansu,
Daga sayar da shi aka samo laƙabinsu.
Waridi a Suwahili, Mawar a Malesiya,
Mawar ɗin ma'ul wardi ce, har Indonesiya.

Uwar Baiti:

Malam, ka yi bayani sarai,
Amma ka tsaya a reshe kawai,
Wardu baƙo ne a Larabci, akwai
Saiwarsa can a ƙasar Farisa.

Tsohon harshen Iran ya ce warda,
Zamani ya bi ta kansa ya murɗa,
Wa ta koma ga, la ta maye rda,
Gul ta fito, ba mai gane kamanninsa.

Armeniya ta ɗauka ta yi Varduhi,
Ibrananci Vered da Varda, sahihi,
Varod ruwan hoda ne, ga sharhi,
Kowa ya lanƙwasa shi da harshensa.

Gul ba kullum take zama ita kaɗai ba,
Akan liƙa mata kalma a baya ko gaba,
Raba sunan biyu kafin ki duba,
Kowane ɓari da ma'anarsa.

Gulbahar shi ne wardin bazara,
Gulshan da Gulzar lambu ne, a lura,
Gulab ruwan wardi, ab ɗin da aka ƙara
Ruwa ne, gulabi kuwa launinsa.

Gulbadan, mai jiki irin na wardi,
'Yar Sarki Babur, mai daular Hindi,
Gulab Singh kuwa namiji ne, ga shahidi,
A 1846 Kashmir ta zo hannunsa.

Turkawa ma suna da yawan haɗi,
Aygul, wata da fure, suna mai daɗi,
Nurgul da haske, Songul kuwa in faɗi,
Wardin ƙarshe ne, auta ke amsa.

Sai dai gul a Farisancin yau
Kowane fure ne, ki duba da kyau,
Gulnar furen rumman ne, haka za a ɗau,
Jullanar Larabawa ke kiransa.

Dattijo:

'Yata, Hajiya ta kai ki Turkiyya,
To akwai rami biyu a kan hanya.
Gul a Turkanci kalma biyu ce,
Ɗaya ta furen, ɗaya "yi dariya" ce.
Guler mai dariya ce, ba wardi a ciki,
Gulsum kuwa Kulsum ce ta sake riga a jiki.
Yanzu mu ƙetara zuwa ga Girkawa,
Rodon suke cewa, da ji ba a ganewa.
Tsohon lafazin wrodon ne, da wa a gaba,
Wa ɗin ta zube, amma dangi ba su rabu ba.
Roda ta fito nan, tana Ayyukan Manzanni,
Sura ta 12, baiwa ce, ga bayani:
Ta gane muryar Bitrus yana bakin ƙofa,
Murna ta hana ta buɗewa, ta ruga da ƙafa.
Kada ki haɗa ta da Rauda ta Larabci,
Ita dausayi ce, da Roda ba zumunci.
Tushenta ra da wau da lodi, ba dal ba,
Kama da wane ai ba ta wane ba.
Girkawan yau kuwa ƙidaya suka yi,
Triyantafilliya, sunan mace mai nauyi,
Ganyen fure talatin in an fassara,
Na jeji biyar gare shi, na lambu ya ƙara.
Roza ta Latin ce, harshen Rumawa,
Masana da dama da rodon suke haɗawa.
Ita ta fi kowa 'ya'ya da jikoki,
Kowace ƙasa ta yi mata nata ɗinki:
Rozita a Sifen, Rozina a Italiya,
Roshin a Ailan, Ruzha a Kuroshiya.
Ukun farkon ƙaramar Roza suke nufi,
Ƙaramtawar na ƙarshen sunan, a 'yan harafi.
Rozaliya biki ne na Rumawan dauri,
Ana zuba wardi a kan kabari.
Rozariyo carbin 'yan Katolika ne,
Asalinsa rozariyum, lambun wardi ne.
Roza ta Lima, Isabel sunanta na yanka,
An haife ta 1586 a Peru, Kudancin Amurka.
Roosevelt ma, zuriyar shugabannin Amurka,
Filin wardi ne da Holanci, in kin bincika.

Auta:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma,
Saura Rozamund, ba ku taɓa ta ba ma.
Da Rozalinda da Rozmeri da Rozwita,
Duk da roz suka fara, ku bambanta.

Mai Ƙamus:

Ƙanwata, a nan kunne ke cin amana,
Huɗun nan ba wardi a asalin ma'ana.
Rozamund daga tsohon harshen Jamusawa,
Hros shi ne doki, mund kuwa karewa.
Masu Latin suka ji, suka yi masa ado,
Roza mundi, furen duniya, ta zama gado.
Rozalinda ma dokin ne, lind mai taushi,
Linda ta Sifen, kyakkyawa, ta zo ta rufe shi.
Rozwita hrod ce, shahara, haɗe da ƙarfi,
Wardi bai shiga ba ko da harafi.
Rozmeri tsiro ne, ros marinus, raɓar teku,
Wasu kuma Roz da Meri suka haɗa, in gaya muku.
Ko Roz ta Ingila kanta da sauran zance,
Rohese ta Normawa ce, daga hrod take a taƙaice.
Bayan 1066 ta shiga ƙasar,
Furen ya zo daga baya ya karɓe fassarar.
Roksana, matar Iskandar na Makidoniya,
Haske ne ma'anarta, 'yar ƙasar Baktiriya.
Dutsen Rozeta da aka tono a 1799,
Garin Rashid ne Turawa suka jirkita, a lura.

Uwar Baiti:

Malam, a nan kam zan ɗan ja,
Ma'anar baya ma tana da daraja,
Wanda ya sa don fure yana da hujja,
Kar dai ya ce shi ne tushensa.

Saura launin da Auta ta tambaya,
Harsuna da yawa aro suka yi gaba ɗaya,
Daga wardin, ga Faransa ga Italiya,
Roz da roza, fure da launinsa.

Pembe a Turkiyya sunan mata,
Ruwan hoda ita ce ma'anarta,
Amma panbe, auduga, ce uwarta,
Farisanci ne ya ba da aronsa.

Hong ta Biyetnam ta haɗa duka,
Launi da fure, haka aka saka,
Japanawa itacen momo suka ɗauka,
Momo-iro ruwan hoda, daga furensa.

Momoko, ko ɗin shi ne ɗiya,
Amma rubutu ke yanke shari'a,
Wani harafin ɗari yake nufi, ba bishiya,
Lafazi ɗaya, kowa da rubutunsa.

Pink ta Ingilishi wani fure ne can,
Diyantus, ba wardi ba, jinsi daban,
Ƙarni na 17 launi ya ɗau sunan,
Har ya shafe furen da ya ara masa.

Dattijo:

'Yata, ga yadda ake binciken suna,
Kafin a sa shi, a nutsu a zauna.
Fara da harshe, na su wane ne?
Ƙamus ɗin harshen ki buɗa, alƙali ne.
Jerin sunaye na intanet kwafe ne,
Ɗaya ya yi kuskure, saura sun ɗauka ne.
Sannan ki nemo rubutunsa mafi tsufa,
A can hros da wrodon suka bar sawun ƙafa.
Sai ki raba shi gaɓa-gaɓa,
Gul da nar, ma'u da wardi, kowanne ki taɓa.
Ki tambayi masu harshen, na mace ne ko namiji?
Gulab da Gulzar maza na amsawa, ki ji.
Ki furta shi da harshen da za a yi kira,
Kar ya ci karo da wata kalma a tsara.
Wardi a Japananci ana ce masa bara,
Bahaushe ya ji, roƙo zai fassara.
A takarda ki tsaya kan rubutu guda,
Wardah mai ha a ƙarshe ko kuwa Warda.
Ta kuri ce ke jawo wannan saɓani,
Fasfo da shaidar haihuwa su zama na wani da wani.

Auta:

Malam, saura uku da ake dangantawa,
Zahra, Sausan da Nasrin, wace ke tsayawa?

Mai Ƙamus:

Zahra mai ta kuri kowane fure ne,
Zahra'u mai hamza haske ne, daban ne.
Laƙabin Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda,
Ba shi da alaƙa da Wurud ko Warda.
Sausan da Shoshana da Suzana 'yan uwa ne,
Furen lili ne asali, wardin daga baya ne.
Nasrin kam ta tsaya, Farisanci ce,
Wardin jeji mai ganye biyar, gaskiya ce.
Larabawa Nisrin suke faɗa, wasali ƙasa,
Nastaran 'yar uwarta ce a can Farisa.
Ki ƙara Juri, wardin da ake tatsar turare,
Garin Jur ne ya ba shi suna suka tafi tare,
A lardin Fars yake, kudancin Iran,
Firuzabad ake kiran garin a zamanin nan.