Neman shawara kan akwatunan tambaya da ke fitowa a allon kwamfuta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni sakataren wata makarantar Islamiyya ne, kuma an damƙa mini aikin buga takardun jarrabawa a kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne ƙananan akwatunan da ke fitowa a tsakiyar allo da tambayoyi cikin Turanci, musamman idan zan rufe aiki. Wani lokaci kuma manhajar rubutun takan ƙi motsi, duk inda na danna sai dai in ji 'yar ƙara. Ina neman shawararku.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ƙarar ba alamar lalacewa ba ce. Yawanci akwai akwatin da ke jiran amsarka amma ya ɓuya a bayan wata taga, kuma manhajar ba za ta karɓi wani umarni ba sai ka sallame shi. Ka riƙe maɓallin Alt ka danna Tab domin ka nemo shi. Don Allah kada ka kashe kwamfutar a irin wannan hali, domin abin da ba ka adana ba yana iya salwanta.

Amsa ta biyu: Game da akwatin rufewa a manhajar rubutu ta Word, zaɓi uku yake bayarwa. Save yana adana gyaran da ka yi, Don't Save yana watsar da duk abin da ka ƙara tun adanawar ƙarshe, Cancel kuwa yana mayar da kai kan aikinka ba tare da ya taɓa komai ba. A ganina, duk lokacin da ba ka fahimci tambayar ba, Cancel ko maɓallin Esc ya fi aminci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne akwatin da ke tambayar ko za ka maye gurbin fayil mai suna iri ɗaya, domin idan ka amince, jarrabawar bara ta tafi ke nan. Ka danna F12 ka ba sabuwar takardar wani suna.

Amsa ta uku: Yaya, akwai kuma wanda ke dusashe allo yana neman izinin yi wa kwamfuta canji, wanda ya shigo tare da Windows Vista a 2007. Idan ba kai ka fara girka wata manhaja ba, ka zaɓi No.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gwada, ashe akwatin bugawa ne a ɓoye yake jira in zaɓi firinta.