Ruwan kemo yana wahalar da yayata, akwai abin da ya fi shi sauƙi?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Yayata na karɓar ruwan kemo na ciwon dajin mama a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, amai da kasala sun yi yawa. Za a iya canza mata magani?

Hajiyar Arkilla: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Amai ba shi ne babban haɗarin ba, ana ba da ondansetron, maganin hana amai, kafin a sa ruwan. Abin tsoro shi ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ruwan, lokacin da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ke raguwa. In zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Kada a ba ta farasitamol tukuna, yana ɓoye zazzaɓin.

Malamin Runjin Sambo: In jan ruwan ne, doxorubicin, yana taɓa zuciya, shi ya sa ake hoton zuciya kafin a fara. In wurin allurar ya yi zafi ko ya kumbura, a faɗa nan take, in ruwan ya zube ƙarƙashin fata yana cin nama. Batun canji kuwa, ɗan'uwa, sai sakamakon naman da aka gwada. In dajin irin wanda homon (sinadarin jikin mata) ke sa shi girma ne, tamoxifen 20mg kullum na shekara 5 zuwa 10 yana taimakawa, amma ba kowa zai maye wa kemo ba.

Hajiyar Arkilla: Kuma a daina jiƙe-jiƙen sassaƙe, hanta da ƙoda sun riga sun sha aiki. Da zafin Sakkwato, a yawaita mata ruwan sha.