Shawarar masu ɗaukar hoto a Jidda kan kyamara marar madubi

A zaman da wasu Hausawa masu ɗaukar hoton biki suka yi a Jidda bayan sallar isha'i, shawarar da ta rinjaya ita ce duk mai shirin sayen kyamara marar madubi mai cikakken firam (wato wadda na'urar kama hoton da ke cikinta ta kai girman fim mai milimita 35) ya fara duba bakin da ake ɗaura gilashin ɗaukar hoto (lens) a kai, domin jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana daɗewa a hannu. Dattijon cikinsu ya yaba ƙawancen L-Mount, na amfani da baki iri ɗaya, da kamfanonin Leica da Panasonic da Sigma suka ƙulla a 2018, saboda gilashin wannan kamfani yana hawa jikin wancan kai tsaye, abin da ke sassauta wa mai ƙaramin jari. Masu amfani da Sony, wadda ta fito da irin wannan kyamara mai suna A7 tun 2013, sun ce Sigma da Tamron sun wadata su da gilasai masu rangwame.

Ni kam gargaɗin dattijon kan ƙura ya fi shiga raina: tunda babu madubin da ke kare cikin kyamarar, a riƙa sauya gilashi a cikin mota ko ɗaki, bakinta yana kallon ƙasa.