Neman shawara: kullum ina kaiwa tsakiyar gasar poker sai kuɗin dole ya cinye ni

Ɗan Gwale:
Salam jama'a, dan Allah masu buga Texas Hold'em a waya ku taimaka min. Kafin a fara min wa'azi, na cif ɗin banza ne nake bugawa, irin wanda manhajar ke rabawa kyauta, ko sisi bana sakawa. Matsalata kullum iri ɗaya ce, ana farawa da cif 1,500, kuɗin dole (cif ɗin da mutum biyu ke sakawa tilas bi da bi kafin a raba kati, ƙarami da babba, yana tashi lokaci lokaci) 10/20, ina zaune lafiya ina jiran kati mai kyau, kafin in ankara an kai 100/200 har da ante (ɗan cif ɗin da duk teburin ke sakawa a kowane rabon kati) 25 kowa, ni kuma ina nan da 1,500 ɗina ko ƙasa da haka, in ta yar da kati in ta yar da kati har in rage da 400 sannan in zuba duka da duk abin da ya zo a fitar da ni. Jiya sau uku haka. Wai haƙurin ne ya yi yawa ko rashin sa'a ne?

Injiniya:
Ƙanina ba sa'a ba ce, lissafi ne baka yi. Ka daina kallon 1,500 ɗin nan, ka dinga raba shi da babban dole. Da aka fara 1,500 a 10/20 kana da babban dole 75, attajiri ne kai. A 100/200 wannan 1,500 ɗin dai ya koma bakwai da rabi. Cif ɗinka bai ragu ba amma ka talauce, kamar mai albashin da ba a ƙara masa ba shekara biyar kayan masarufi na ta tashi.

Kuma ga wani lissafin, teburin mutum tara, duk zagaye ɗaya kana biyan 100 da 200 da ante 25 sau tara wato 225, jimla 525 ko baka taɓa kati ba. Raba 1,500 da 525, bai kai uku ba. Zagaye uku ka ƙare kenan. Wannan lambar ita ake kira M, Dan Harrington wanda ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1995 shi ya yaɗa ta, a tsarinsa in ta haura 20 kana da sarari ka buga yadda kake so, in ta faɗo 5 zuwa ƙasa kana cikin ja, abu biyu ya rage maka, ko ka zuba duka ko ka yar. Babu ƙarin kaɗan kaɗan, babu bari in bi in ga katin tsakiya da ake buɗe wa kowa.

Ɗan Gwale:
Toh yaya ai matsalar kati ne baya zuwa, da me zan zuba?

Injiniya:
Wane kati kake jira? In AA ne, wato A guda biyu, sau ɗaya yake zuwa a hannu 221, wato rabon kati 221. Ko tagwayen kati kowane iri, sau ɗaya ne a 17. Kai kuma hannu wajen 25 ya rage maka kuma dolen zai sake tashi kafin nan. Da babban dole bakwai, in kowa ya yar har aka zo kanka kana kujerar dila (ta ƙarshen layi, masu dole biyu kawai ke bayanka) ko ta kusa da ita, duk tagwaye ka zuba, duk A da wani abu ka zuba, K da 10, Q da J, irin su 9 da 8 masu fure ɗaya (alama iri ɗaya) ma sun shiga. Abin da kake nema su yar ka kwashe 525 ɗin tsakiya ba tare da an buɗe kati ba, kaga ka ƙara sulusin abin da ke hannunka a banza. Amma da 400 wa zai ji tsoronka? Mai babban dole ya riga ya saka 200, ƙarin 200 ne kawai, da kowane tarkace zai bi ka. Ƙarfin zuba duka yana nan ne lokacin da cif ɗinka zai iya yi wa wani ciwo.

Hajiyar Kaduna:
Ni dai abin da zan ƙara, kujera ta fi kati. Abin da Injiniya ya lissafo na ƙarshen layi ne fa, kar ka je ka zuba A da 3 kana farkon magana mutum takwas na bayanka, ɗaya cikinsu zai tashi da abin da ya fi naka. Kuma zubawa daban, bin wanda ya zuba daban. In wani ya riga ka sai ka tsaurara sosai, don shi ba zai iya yarwa ba kuma, dole a buɗe.

Malam Na Ƙofa:
Ni ban iya wasan nan ba, tunatarwa ce kawai. Yau cif ɗin kyauta ne, gobe manhajar za ta ce ka sayi ƙari da kati na banki, daga nan kuma ka san sunan abin. Caca haramun ce, aya ta 90 a Ma'ida a fili take. Allah ya tsare mu.

Ɗan Gwale:
Amin Malam, na gode, wlh na sani, ranar da ta nemi kuɗina ranar zan goge ta.

Baban Yara:
Kowa ya tsaya kan lokacin da ka riga ka shiga uku, ni tambayata me kake yi a 50/100 da 75/150? Nan ake asarar gasar ai. In kana da babban dole 15 zuwa 25 ya kamata kana satar dole, ka ƙara ninki biyu da ɗan wani abu na babban dole daga ƙarshen layi in kowa ya yar. In akwai ante, kana saka kamar babban dole 2.2 don ka ɗauki kusan 2.5, ko rabin lokaci suka yar ka ci riba kafin ma a duba kati. Ka lura da wanda kullum yake yar da dolensa, shi za ka matsa wa, ka rabu da mai tarin cif da ke bin komai don nishaɗi. Kuma ƙananan tagwaye irin 4 da 4 ka daina bi da su don neman na ukunsu a katin tsakiya, kusan sau ɗaya a takwas yake fitowa, sai da cif mai yawa wannan cinikin ke biya.

Amma gaskiya Injiniya, a teburin kyauta mutane basa yarwa kamar yadda lissafinka ke so, ba kuɗinsu ba ne. Ni zan cire 9 da 8 ɗin nan in bar masu A da K, tunda za a bi shi.

Injiniya:
Wannan haka ne, na yarda. Ya kuma duba minti nawa dolen ke tashi, a babbar gasar Las Vegas awa biyu ake yi kowane mataki, na waya wasu minti biyar wasu uku, haƙurin da ke aiki can ba zai yi aiki nan ba.

Ɗan Gwale:
Na gwada yanzu. Da babban dole tara na zuba A da 9 daga kujerar dila suka yar, na sake da tagwayen 6 suka yar, na uku wani ya bi ni da A da K, ni da tagwayen 8, K ta fito a katin ƙarshe. Na fita na 14, da a 30 da wani abu nake fita. Yaya wannan kuskure na yi ko daidai ne?

Injiniya:
Daidai ne, kai ne ma a gaba da kusan 55 cikin ɗari kafin a buɗe. Gobe in ta sake zuwa ka sake zubawa.