Me ya hana tumbinmu narkar da kansa?

Ɗalibin Birni:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina ajin ƙarshe na lise, ina shirin jarrabawar BAC, kuma wata tambaya ta tsaya mini a rai tun ranar da muka ci kayan ciki a gida. An koya mana cewa pepsin, anzim ɗin da ke cikin tumbi, shi ne yake yayyanka furotin na nama. To, tumbin rago nama ne, kuma mun ci shi ya narke lafiya lau. Namu tumbin ma nama ne, me ya hana pepsin cinye wurin da yake zaune?

Malamin Zango:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Bangon tumbi ba ya sakin pepsin a shirye. Abin da yake saki shi ne pepsinojen, wanda yake kamar wuƙa a cikin kube, domin wani guntun furotin ya toshe bakin da ke yanka, kuma guntun ba ya cirewa sai ya gamu da asid ɗin tumbi, mai tsamin da kan kai 2 ko ƙasa da haka a ma'aunin pH, wanda lambarsa take raguwa idan tsami ya ƙaru. Bayan wannan, bangon yana lulluɓe da majina mai kauri da ke riƙe da bikarbonat, wanda yake kashe tsami kamar yadda kanwa take kashe tsamin yakuwa a tukunya. Ƙwayoyin saman bangon kuma suna sabuntawa cikin ƴan kwanaki. Tumbin ragon da ka ci ya rasa duk waɗannan, tunda jini ya daina bin sa.

Ma'aikaciyar Jinya, Sabon Gari:
Malam ya gama magana, amma ƙanena, kada ka manta da jijiya, don masu jarrabawa suna son ta. Tun kafin loma ta shiga baki, ƙanshin kilishi kaɗai yana sa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiya ta 10 cikin jijiyoyin kai, wadda ake kira bagus, sai tumbi ya fara zubo asid. Binciken narkewar abinci irin wannan ne ya sa Ivan Pavlov na Rasha ya samu kyautar Nobel a 1904. Garkuwar bangon tumbin da Malam ya bayyana kuwa tana iya karyewa: ƙwayar cutar Helicobacter pylori da yawan shan aspirin ko ibuprofen su ne manyan masu jawo gyambon ciki, kuma ina baƙin cikin yadda ake sayen magungunan nan a tebur ana sha babu shawarar likita.

Ɗalibin Birni:
Na gode, Yaya. Shin tiripsin, anzim ɗin da ke yayyanka furotin a cikin hanji, shi ma haka yake?

Malamin Zango:
Haka yake. Pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yana sakin sa a kulle, sai a farkon ƙaramin hanji ake buɗe shi. A nan ne darasinku na ƙwayoyin gado ya shigo, domin kowane harafi uku na ADN, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, suna nuna amino asid guda cikin 20 da ake gina furotin da su. A 1996 aka gano cewa a wasu iyalai harafi ɗaya ya sauya a ƙwayar gadon tiripsin mai suna PRSS1, CGC ya koma CAC, sai amino asid histidin ya zauna a gurbin amino asid arjinin. Wannan gurbin ne ake yanka don a kashe tiripsin ɗin da ya buɗe tun bai bar pankiriyas ba, shi ya sa masu wannan sauyin suke fama da kumburin pankiriyas tun suna yara.