Maigidana tramol yake sha: in ce mu je gwaji, ko in yi shiru?

Adda Hadiza (mai kula da zaure): Salamu alaikum jama'a. Wata 'yar'uwa ta turo min saƙo ta gefe, ta ce a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce: "Shekararmu shida da aure, mu biyu ne a wurinsa. Moto, wato babur, yake tuƙawa a nan Garwa ta Kamaru. Na daɗe da sanin yana shan tramol, ya ce saboda gajiya ne. Shekaranjiya ina wanki na tsinci sirinji a aljihun rigar ruwansa, ba leda, ba murfi. Na tambaye shi, ya ce allurar zazzaɓi aka yi masa a tasha. Ina so mu je gwajin sida, wato ƙanjamau, amma ina tsoron ya ce na zarge shi. Ga shi ina goyo." To ku ba ta shawara, a dai sassauta harshe.

Bappa Sali: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Ƙwaya ta baki take shiga, ta ciki take wucewa, ina ta haɗu da sida? Yaran moto nawa ne ke shan abin nan daga Yelwa har Jambutu, duk masu ciwon ne? Mace ta dubi idon mijinta ta ce "mu je gwaji", ai kamar ta kira shi mazinaci ne. Kada a kashe aure a kan sirinji ɗaya. Ta yi haƙuri, ta dage da addu'a.

Ummi: Bappa, da girmanka, sirinjin fa ba murfi. Wanda aka yi wa allura a tasha me zai sa ya taho da sirinjin gida?

Bappa Sali: Wataƙila sauran allurai zai koma a ƙarasa masa.

Maman Walida: To in haka ne ma, Bappa, ka ga ba a tsira ba, don sirinji sau ɗaya ake aiki da shi a jefar. Ni ungozoma ce, bari in faɗi abin da na sani. Gaskiyarka a gefe guda: haɗiyar tramol ba ta sa wa kowa ƙanjamau, ko da kwali guda mutum ya shanye. Cutar ta jini take bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa ɗa wajen ciki, haihuwa ko nono. Amma allurar da wani ya riga ya soka a jikinsa hanya ce ta kai tsaye. Lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna a cikin sau 10,000 da aka yi tarayyar allura da mai cutar, kusan 63 ake kamuwa, a saduwar miji da mata kuwa kusan 8 ne ga mace. Sannan ciwon hanta, B da C, ya fi sida saurin bin allura, ga shi kuma B ɗin ya yi mana yawa a arewacin nan.

Hamma Yaya: Ku bar ni in sa baki, don ni na yi wannan rayuwar. Shekara biyar ina kan moto, uku daga ciki ina sha. Da asuba a teburin mai shayi za ka ɓare jan tramol ɗin nan mai miligiram 225, ka jefa a kofin Nescafé, ka kaɗa da cokali. Na asibiti 50 ne fa, ku duba tazarar. Kafin hantsi ka zama ƙarfe, rana ba ta dame ka ba, yunwa ba ta dame ka ba, tsoro ma ya tafi. To wannan tafiyar tsoron ita ce matsalar da Bappa bai lissafa ba. Mutumin da zai ratsa tsakanin tirela biyu a gadar Binuwai yana dariya, shi ne zai tsaya neman kwaroron roba da dare? Ban ce duk mai sha yana bin mata ba, wallahi akwai waɗanda daga aiki sai gida. Amma na san inda wasu kuɗin yini suke ƙarewa. Allura kuwa, ni ban taɓa yi ba. Na dai ga mai akwatin magani a tasha ya yi wa mutum biyu da sirinji ɗaya, abin da ya raba su kawai ɗauraya da ruwan leda.

Goggo Nana: Innalillahi. Yaya, Allah ya ƙara shirya ka, da ka faɗi gaskiya.

Ummi: Ni shawarata mai sauƙi ce. Ta tafi ita kaɗai, ba sai ta gaya masa ba. In an ce ba ta da shi, shi ke nan, shi ma ba shi da shi, magana ta mutu.

Maman Walida: A'a ƙanwata, nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sakamakonta nata ne ita kaɗai. Muna ganin ma'aurata shekara da shekaru, ɗaya yana da cutar, ɗaya babu. Na biyu, gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jiki ya mayar yake nema, kuma wannan yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya bayyana. Don haka in ta yi yau aka ce babu, sai ta sake bayan wata uku. Amma ta tafi ɗin, kuma yau, kada ta jira gobe. Akwai maganin da ake bayarwa in ana zaton an haɗu da cutar, sharaɗinsa a fara cikin awa 72, a sha kwana 28. Ta faɗa wa ma'aikacin lafiyar ranar da suka kwana tare na ƙarshe, shi zai duba ko ya dace da ita. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne goyon. Macen da ta kamu tana cikin shayarwa, a makonnin farko cutar tana da yawa ƙwarai a jininta, haɗarin jaririn ya fi na kowane lokaci. Batun kuɗi kada ya hana ta: tun Janairun 2020 gwamnati ta cire kuɗin gwajin a asibitocinta, maganin kuma kyauta ne tun 2007.

Idi Kusiri: Ni tambayata daban ce. A ce shi ya riga ya sani, yana karɓar magani a ɓoye. Ba dole ba ne likita ya kira matar ya gaya mata? Rai fa ake magana.

Maman Walida: Ba ma ɗaukar waya mu tona wa mutum asiri, Malam Idi. Ranar da aka fara haka, babu namijin da zai sake taka ƙofar gwaji. Abin da ake yi shi ne a zauna da shi, a ba shi zaɓi: ko ya faɗa da bakinsa, ko ya kawo ta a faɗa tare a gabanmu, ko ya yarda a gayyace ta gwaji ba tare da an ambaci sunansa ba.

Idi Kusiri: In ya ƙi duka ukun fa? Sirrinsa ya fi ranta ke nan?

Malam Aminu: Idi, wannan nauyin a wuyan mijin yake kafin kowa. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Malamanmu na Malikiyya sun ba wa miji ko mata zaɓin rabuwa in an ɓoye musu aibi irin su hauka da kuturta, saboda cutarwar da ke ciki. Wanda ya san yana ɗauke da abin da zai shafi iyalinsa, ya yi gum, ya ci amana. Sannan ina so in gyara wa Bappa magana ɗaya cikin ladabi: neman gwaji ba ƙazafi ba ne. Ba ta ce ya yi zina ba, ga sirinji nan a hannunta, shi da kansa ya ce an yi masa allura a tasha. Ta tsaya a kan maganarsa ma ya isa hujja. A Kano tun 2024 doka ce a yi gwajin nan kafin a ɗaura aure, kuma ba a ce an zagi angwaye ba.

Bappa Sali: Malam, na ji. To in an gwada aka samu fa? Gida ya watse ke nan. Abin da nake gudu ke nan tun farko.

Maman Walida: Bappa, zamanin da ka sani ya wuce. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe ta da kyau, cikin kamar wata shida cutar takan yi ƙasa a jininsa, in awo ya nuna ta sauka ƙasa da ƙwayar cuta 200 a kowane mililita na jini ta kuma zauna a nan, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. An bi ma'aurata masu yawa an tabbatar. Wannan na kwanciya ne kawai, bai shafi tarayyar allura ba. Kafin ya kai wannan matakin akwai kwaroron roba, akwai kuma maganin kariya da mai lafiya ke sha, ta tambaya ko suna da shi. Damuwata da mai tramol ita ce mantuwa, don wanda yau yana sama gobe yana ƙasa yakan tsallake magani.

Bappa Sali: Mai ciwo ya kwana da mace ba ta ɗauka ba? Wannan sai na gani.

Goggo Nana: Ku maza kuna ta lissafi, kun manta mu biyu ta ce. Abokiyar zamanta fa? Miji ɗaya, kwana bibbiyu. Kuma ku sani, a garin nan mace ce ake fara gwadawa wajen awon ciki, sai a wayi gari ita ce ta kawo, a haɗa mata kayanta a buhu. 'Yata, in kin san yana da saurin hannu, kada ki yi masa maganar ku kaɗai a ɗaki. Ki samu wanda yake jin nauyinsa.

Ummi: Goggo, ta gaya wa kishiya? Kafin magariba unguwa ta ɗauka.

Goggo Nana: Ban ce ta ce mata mijinmu yana da sida ba, ai ba ta sani ba. Ta ce mata ta tsinci allura, ita za ta je a duba ta. Mai hankali ya gane.

Adda Hadiza: Jama'a, 'yar'uwar ta dawo. Tana ta karantawa tun ɗazu. Ta je da azahar, ta fake da rigakafin yaro. Gwajin farko babu, sun rubuta mata ranar komawa, sun ce a duba hanta ma. Abokiyar zamanta cikinta wata bakwai, don haka ta ce ba za ta iya yin shiru ba. Tambayarta ga Hamma Yaya: wane lokaci ne ya fi dacewa ta yi wa maigidan magana?

Hamma Yaya: Ban da asuba kafin ya sha, lokacin jiki na ciwo, ƙuda ma ya sauka masa sai ya yi faɗa. Ban da dare in ya dawo ido jajir. Ta bari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Kuma kada ta fara da tramol, zai tashi ya hau moto. Ta ajiye takardar gwajinta a gabansa, ta ce ita ta yi saboda yaron, saura shi.